Nasidi Mai Hannun Aro

In ka shiga Birnin Zazzau ta Ƙofar Kibo a shekarun alif ɗari tara da tamanin, ka tambayi gidan Nasidi mai zanen bango, sai a tsaya ana kallon juna. In kuwa ka ce gidan Bahago, to har tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi sai ta nuna maka lungun da sandarta. Alhali Bahago ya daɗe a ƙasa. Nasidi ne mai gidan, shi ke cefane, shi ke hawa tsani. Amma ina! Mutum ya yi gemu, gemun har ya fara furfura, ana ce masa ɗan Bahago. Abin nan yana cin Nasidi a rai, bai dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Bahago sunansa na yanka Adamu, hagun da yake aiki da ita ce ta cinye sunan. Magini ne gaba da baya, amma ba ɗora tubali ya fito da shi ba, adon fuskar zaure ne. Yadda ake yi, sai a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a yaɓa wa bangon da kauri, tun tana ɗanya mai zane ya bi ta da yatsu, yana tonawa yana tayarwa, har dagi da takobi da allo su fito ɓaro-ɓaro kamar ka ciro su. Ba a zana komai a takarda. Abin da ke kan mutum shi zai sauko hannunsa, in ya tsaya inda-inda kuwa rana ta shanye ƙasar, sai dai a kankare a sake. To shi Bahago, da yake da hagu yake yi, duk murɗin da ya ja baya-baya yake tafiya, babban yatsansa kuma yana tura ƙasar gefen da na sauran magina ba ya turawa. Shi ya sa in hantsi ya haska bangonsa, inuwar zanen takan kwanta daban. Ko daga bakin lungu ka hango, ka san aikin waye.

Nasidi a gindin tsanin nan ya tashi. Wansa Labaran aka kai boko, shi aka bar wa ƙasa. Kuma wallahi ba a yi zaɓen banza ba, don tun bai kai ya auri mace ba yake iya ja wa zaure gira, lanƙwasar adon saman ƙofa, ba tare da igiya ba. Sai dai shi badame ne, kamar kowa. Uban bai taɓa ce masa komai a kan haka ba. Shi dai yakan ba shi ƙasan bango da gefen ƙofa, ya riƙe sama wa kansa.

Bahago ya rasu da rani, yana tsakiyar aiki a gidan wani attajirin yadi a Gyallesu, Alhaji Inuwa. Rabin fuskar zauren ya gama, rabi na nan fili. Da aka share makoki, Nasidi ya ɗauki kayan aiki ya je ya ƙarasa. Ya zuba iyakar ƙoƙarinsa, ya sauko yana jiran a ce madalla. Alhaji Inuwa ya fito yana sakace, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama.

"Yaro, wannan rabin da wancan ai ba uwa ɗaya ta haife su ba," in ji shi. "Ni aikin Bahago na saya. In babu, a faɗa mini, in sa a shafe duka."

A gaban mutane ya faɗa, har da masu kwaɓa. Nasidi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ga sabuwar amarya a ɗaki, ga mahaifiyarsa Iya Hajo da takaba, ga Labaran can Kaduna yana ƙaramin akawu, albashinsa ko shi bai ishe shi ba. Ya roƙi Alhaji ya ba shi zuwa bayan damina. Da hannunsa ya kankare nasa rabin ya dawo gida.

Daminar nan Nasidi bai ga gona ba. Bayan gida ya koma, wajen bangon akurki, ya ɗaure hannun dama a ƙugu da tsohon rawani, ya shiga koya wa hagu abin da ba a halicce ta dominsa ba. Kai, an sha wuya! Farko abin da yake fitowa ko kaza ta yi tono ta fi shi tsari. Ya yaɓa ya zana, ya shafe, ya sake yaɓawa. Matarsa Jamilatu takan leƙo ta ga ƙato da hannu ɗaure yana gumi yana ƙunƙuni, ta koma ɗaki ta toshe baki da zane kada ya ji dariyarta. Daga baya dariyar ta ɗauke, tausayi ya maye gurbinta. Kafin ruwa ya ɗauke, hagun ta miƙa wuya. Ya koma Gyallesu ya cike rabin nan, Alhaji Inuwa ya zagaya ya zagaya bai ga mahaɗa ba. Ya tafa hannu ya ce, "Allahu akbar! Ashe Bahago bai mutu ba."

Maganar nan ita ta buɗe wa Nasidi ƙofofin birni, ita ce kuma ta rufe shi a ɗaki. Daga ranar duk mai son ado sai ya ce a kira masa ɗan Bahago, a yi masa irin na Bahago. Ya yi wa malamai, ya yi wa fatake, ya yi wa masu ɗinkin riga da suka samu sarari suka ta da zaure. Da siminti ya shigo ya zama abin yayi, waɗansu tsofaffin magina suka zauna suna tsine masa a inuwa, shi kuwa Nasidi ya gane kansa cikin rani ɗaya. Ya gano cewa siminti ba ya son yatsa, yana cin fata, sai ya fiƙe gindin cokalin cin abinci ya riƙa bi da shi, ya kuma koyi haɗa fenti. Masu kuɗi suka fara cewa a sa musu keke, a sa agogo, a sa jirgin sama don a san an je Makka. Duk ya sa. Amma ko jirgin saman ma, in ka lura, hancinsa ɓangaren da Bahago zai juya shi yake kallo.

Kada ka ɗauka ɗan kwaikwayo ne kawai. Nasidi gwani ne na gidi, kuma birni ya shaida. A aikinsa ba a taɓa samun zanen da ya ɓamɓaro bayan damina ɗaya ba. Ba ya karɓar aiki biyu a rana, ba ya barin bango rabi ya tafi wani. Da sana'ar nan ya aurar da ƙannensa mata, ya sa 'ya'yansa makaranta, ya riƙe Iya Hajo cikin mutunci, ba ta taɓa aika kwano maƙwabta ba. Abin da ya rasa ɗaya ne tak, kuma shi kaɗai ya san ya rasa: duk faɗin Zazzau babu bango ko ɗaya da za a nuna a ce na Nasidi ne.

Yana da wata ɗabi'a da ba ya son a gani. In an tashi daga aiki, akwai ragowar kwaɓi da takan rage a ƙasa. Sai ya jira leburori su tafi wanke jiki, ya tsuguna ya baje ta da tafin hannu, ya saki hannun dama a kai. Nan fa hannun yakan yi ta gudu kamar ɗan akuyar da aka kwance. Layuka masu tsawo, masu lanƙwasa, waɗanda ba su kama da dagin kowa ba. Ya ɗan kalla, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya miƙe ya tattake abin da ƙafa.

Mutum ɗaya ne ya taɓa kama shi, Malam Seth na Wusasa. Malamin zane ne a wata makaranta, Kirista, Bahaushe, mai son surutu da gyaɗa. A shagon fenti a Tudun Wada suka saba, suna musu a kan wane shuɗi ne ba ya koɗewa. Daga nan in ya taso daga makaranta yakan biyo da kekensa duk inda Nasidi ke aiki, ya tsaya yana kallo yana ɓare gyaɗa. Ran nan ya iso shiru, ya tarar da Nasidi tsugune.

"Tsaya! Kar ka taka!" ya faɗa da ƙarfi, har keken ya kusa kayar da shi. "Malam Nasidi, wa ya yi wannan?"

"Wasa ne, Ticha."

"Wasa? To ni nawa aikin da nake karɓar albashi a kai me za a ce masa?" Ya durƙusa yana bin layin da ido. "Da dama ka yi ko? Haba, Malam Nasidi! Kana da wannan kake yawo da hannun aro?"

Nasidi ya ɗaure fuska. "Hannun ubana ne, ba aro ba."

"Allah ya ji ƙan Baba. Amma shi ya yi nasa ya tafi. Kai yaushe za ka yi naka?"

Nasidi ya miƙe. Ya ɗora ƙafa ya murje zanen, ya ɗauki butarsa. Ya yi fushi sosai, har ya daina biyawa ta shagon fenti na ɗan lokaci. Fushin kuwa ba don Seth ya yi ƙarya ba ne.

Ana nan kafaɗar hagu ta fara kuka. Da ma aikin da aka ɗora mata ba nata ba ne, ta yi haƙuri shekara da shekaru. Da safe sai Jamilatu ta gasa masa ita da ruwan zafi, ta murza man kaɗanya, sannan ya iya ɗaga hannun ya sa riga. Takan ce, "Maigida, wai kai da hannun daman nan gaba kuke yi?" Sai ya ce mata ta kula da tuwonta.

Sai ga wata damina, wajen ƙarshen shekarun tamanin ɗin nan, mai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gidaje suka yi ta zubewa cikin birni. Gidan su Nasidi ya tsaya, amma fuskar zauren ta tsage daga gindin zanko, tsinin nan na saman gini, har kan ƙofa, tsagar da za ka zura hannu ciki. Fuskar nan kuwa ba bango ba ce kawai. Ita ce aikin da Bahago ya yi wa kansa, ba don kuɗin kowa ba, shekarar da ya gina zauren. Nasidi ya yi ta lallaɓa ta tun rasuwar uban, yana shafa mata makuba duk shekara, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ke hana ruwa cin bango, a hankali yadda ba zai cike sawun yatsun tsohon ba. Yanzu kuwa yaɓen ya saki jikin tubali gaba ɗaya. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa. Lungu ne matsattse, mutane na wucewa ta gindinsa wuni guda. Dole a sauke shi kafin ya sauko da kansa a kan wani.

Labaran ya zo daga Kaduna da kaka. Yanzu ya zama babba a ofishinsu, ya yi tumbi, yana magana yana jefa Turanci. Har da mai hoto ya taho, aka ɗauki bangon ta kowace kusurwa.

"Ka ga," in ji shi, yana kaɗa makullin mota, "in ka sauke, sai ka maido shi daidai yadda Baba ya yi. Ko ɗigo kar ya ɓace. Wannan tarihi ne. Kai kaɗai za ka iya, shi ya sa hankalina kwance."

"To, Yaya," in ji Nasidi.

Dattawan unguwa ma haka suka ce a ƙofar masallaci. Kowa ya ɗauka zancen ya ƙare. Nasidi ya shiga cikin gida wajen Iya Hajo, ya tarar da ita a bakin ɗakinta tana kaɗi, mazari na juyawa, zare na saukowa daga audugar da ke hannunta. Ta tsufa tukuf, amma idonta garau, bakinta ma haka. Ya durƙusa ya gaya mata za a sauke bangon Malam, kamar yadda take kiran mahaifinsa.

Mazarin bai tsaya ba. Ta ce, "Allah ya sa a sauke lafiya."

"Yaya ya ce a maido shi yadda yake."

"Na ji shi. Ai muryarsa har bayan gida."

Ya jira ko za ta ƙara, ba ta ƙara ba. Ya tashi ya fita. Abin da yake tsoro ke nan. Shi ba Labaran yake ji ba, ba dattawa ba. Tsohuwar nan ce. Ta ƙofar nan aka shigo da ita, ta nan aka fitar da mijinta, kuma duk fitar da za ta yi barka ko ta'aziyya sai ta ɗaga kai ta dubi bangon kafin ta wuce. In ya shafe mata hannun mijinta daga ƙofar gidanta, da wane ido zai dube ta? In kuma ya sake kwaikwayo a nan, a kan bangon gidansa na kansa, to ya san an gama, zai mutu bai taɓa yin komai ba.

Ranar saukewa bai yarda kowa ya taɓa ba. Ƙasimu, abokin aikinsa mai kwaɓa, wanda suka tsufa tare a gindin bango, ya kawo diga, Nasidi ya ce ya ajiye. Da ƙaramar fartanya ya hau, yana ɓamɓarowa kaɗan-kaɗan. Wani wurin in ya ciro guntun yaɓe sai ya ga gurbin babban yatsan uban a jiki, sarai, kamar jiya aka danna. Ya sa nasa yatsan a ciki. Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba, Ƙasimu ya juya baya ya shiga gyara abin da bai lalace ba. Suka ɗinke tsagar da sabon tubali, suka bar ta ta sha iska, ƙasar yaɓe kuma tana can tana ruɓa a gefen lungu.

Ranar zane kuwa sai ka ce suna ake yi. Tun da hantsi lungu ya cika. Labaran ya sa an fito masa da kujera, hotuna a cinya. Malam Seth ya jingine kekensa can baya. Ƙasimu yana dunƙulo ƙasa yana jefawa sama, Nasidi yana cafewa yana maka wa bango, har fuskar zauren ta rufe, ta yi sumul tana ƙyalli.

Ya yi bisimilla, ya ɗaga hagu. Kafaɗar ta soke shi, ya cije. Ya fara daga ƙarƙashin zanko, inda uban ya fara, ya ja dagin farko. Ya fito cif, babu ragi babu ƙari. Daga ƙasa aka ɗauki kabbara. Wani tsoho ya ce, "Shi ke nan, ga Bahago ya dawo." Labaran ya duba hoto ya gyaɗa kai.

Nasidi ya tsaya a kan tsani yana kallon dagin. Kyakkyawa ne, ba ƙarya. Ya ja irinsa ya fi a ƙirga. Sai ya ji wata irin gajiya ta sauko masa, wadda ba ta kafaɗa ba. Rana tana hawa, gefen yaɓen ya fara yin fari-fari.

"Nasidi, ƙasa fa na sha," in ji Ƙasimu.

Ya ji. Ya tsoma hannu a ƙwaryar ruwan da ke rataye jikin tsani, ya buɗe tafi, ya shafe dagin nan fes. Sannan ya gyara tsayuwa, ya kama tsani da hagu, ya miƙa dama.

"Kai! Me kake yi?" Labaran ya miƙe, hotuna suka zube.

Nasidi bai waiwayo ba. Da ya waiwayo da ya fasa, ya san kansa. A tsakiyar bango, sama da ƙofa, ya tayar da mazari, dogo, da dunƙulen zare a cikinsa. Daga bakinsa ya ja layi ɗaya. Layin ya tafi dama ya naɗe, ya kwance, ya sauko gefen ƙofa yana lanƙwasa kamar lungunan birni, ya kutsa ƙarƙashin kansa ya fito, ya hau ya tsallaka hagu. Bai yanke shi ko sau ɗaya ba. Inda tsani ya ƙare sai ya danna yatsa ya bar alama, ya sauko a guje, Ƙasimu ya matsar, ya hau ya ɗora daga nan. Hannun nan da aka ɗaure tun yana sabon ango yana tafiya kamar ya san hanyar tun tuni. Nasidi yana jin hayaniya a ƙasa, amma kamar daga wata unguwa take zuwa. Abin da ya sani kawai, ƙirjinsa ya buɗe, kuma tun da yake hawa tsani bai taɓa jin daɗi irin na yau ba.

Da ya gama sama da gefuna ya sauko don ya kama ƙasan bango, sai ya tarar da Labaran tsaye a gabansa, ido jajur.

"Ka kyauta," in ji Labaran. "Ka binne Baba sau biyu. Wancan karon da mutane, wannan karon kai kaɗai."

Maganar ta shige shi. Waɗansu dattawa suna girgiza kai, waɗansu kuwa sun kasa sauke ido daga bangon, har wani ya manta yana tauna goro. Nasidi ya sunkuyar da kai. Duk daɗin nan ya tsiyaye, tsoro ya dawo.

Sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda daga cikin zaure. Jamilatu ce ta kai labari ciki. Iya Hajo ta fito da mayafi a karkace, aka dare mata. Ta taka har tsakiyar lungu, ta juya, ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo. Ta bi layin nan da ido daga mazari har inda ya tsaya. Nasidi ya durƙusa a gefenta, kansa a ƙasa.

"Zaren nan ya yi kauri a can gefen," in ji ta. "Ni ban taɓa kaɗa mai kauri haka ba."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Labaran ya matso. "Iya, kin ga abin da ya yi? Aikin Baba fa..."

Ba ta dube shi ba. Da ma ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Mutumin Kaduna, ka bari in yi magana da magini." Sannan ta sunkuyo. "Da wane hannu ka yi?"

Ya miƙa mata dama, ƙasa har gwiwar hannu. Ta jingine sandar a jikinta, ta kama hannun da nata biyu, ba ta damu da taɓon ba. Ta juya shi, ta dubi tafin.

"Kana rarrafe," in ji ta, "Malam ya ajiye maka ɗan guntun rake a tsakar gida, ya koma gefe ya tsuguna yana kallo, ko numfashin kirki ba ya yi. Ka je ka ɗauka da wannan. Ranar nan sai da ya sa na soya waina aka rabar sadaka. Ya ce, alhamdu lillahi, wannan ba zai sha dukan da na sha ba. Ka san har ya mutu akwai tabon bulala a bayan hagunsa? A makarantar allo aka yi masa, a gida aka ƙara. Ba ya miƙa wa mutum abu sai ya tsaya ya tuna da wane hannu. Shi kuka yake da hagun nan. Kai kuma ka tashi ka ɗaure wanda ya yi wa sadaka, ka je ka ɗauko ta."

Nasidi ya ɗago. "Iya, me ya hana ki faɗa mini?"

"In ce me? Da ita kake ciyar da mu. Ina cin tuwonta in ce ka ajiye?" Ta share ido da gefen mayafi, ta bar jar ƙasa a kumatu. "Ina jin ka ta bayan ɗakina daminar da ka ɗaure hannu, kana yi kana ƙunƙuni. Ba ranar da ban yi kuka ba."

Labaran ya sunkuya yana tsince hotunansa ɗaya-ɗaya, ya daɗe bai ɗago ba. Can baya Malam Seth ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

Iya Hajo ta sake duban bangon, ta ɗaga haɓa, irin ɗagawar da ba a taɓa ganin ta yi ba ko ranar auren 'ya'yanta. Ta ga ƙasan bango har yanzu fili ne, gefensa ya fara fari. Ta saki hannun, ta ɗauki sandarta ta kaɗa wa jama'a, har da dattawan.

"To, kallon ya isa haka. Ku matsa ku ba Nasidi wuri, ƙasarsa na bushewa."

Aka matsa. Ya ja gwiwa zuwa gindin bango, yana laluben inda ya bar zaren, don idonsa ya cika ba ya gani sosai. Ƙasimu ya kama yatsansa ya ɗora masa a kan alamar, ya ci gaba daga nan.